Hajiya, ki bi su Shamoni, ba sai kin yi siki ba

Wa alaikumus salam. Hajiya, na ga tambayarki tun jiya, na bari sai na samu natsuwa. Kin ce ɗanki da ke aiki a Liyon zai kai ku Shamoni (Chamonix), wani gari cikin tsaunukan Faransa, mako guda a watan Janairu, shi da matarsa da yara duk ƴan wasan siki ne, wato zamiya a kan dusar ƙanƙara da katako a ƙafa, ke kuwa ba ki taɓa taka dusar ƙanƙara ba, ga ciwon gwiwa, kina tsoron kada ki ƙare da gadin ɗaki. Na kuma ga masu ce miki ki yi zamanki a Liyon. Ni dai ban bi bayansu ba. Mun yi shekaru a Annemasse, kan iyakar Faransa da Suwis, kafin mu dawo Yamai, kuma duk baƙon da ya zo mana daga gida a lokacin sanyi Shamoni muke kai shi. Har na baro ƙasar ban ɗaura katakon siki a ƙafata ba.

Abin da nake so ki riƙe shi ne kada ki zama ƴar rakiya. Abin da yake ɓata wa mutanenmu tafiyar nan ke nan: a bi ƴan siki gindin tudu, a tsaya ana riƙe musu jaka, ƙafa ta daskare, a dawo gida ana cewa ba komai can sai sanyi. Ki bar su su tafi wasansu da safe, ke ma ki fita naki yawon, ku haɗu da azahar ko da yamma. Shamoni gari ne sosai, da kasuwa da tashar jirgin ƙasa da kantuna, mutane na zuwa kallon duwatsunsa tun kafin a san wasan siki a wurin. A tsakiyar gari za ki ga mutum-mutumin Jacques Balmat yana nuna ƙololuwar Mont Blanc, dutsen da ya fi kowane tsawo a yankin, da yatsa, shi ne da likita Paccard suka fara hawa ta a 1786. A nan kuma aka yi wasannin Olamfik na lokacin sanyi na farko a 1924.

Mu fara da takalmi, don shi ne mai yanke hukunci. Dusar da ta sauka sabuwa ba ta kayar da mutum. Mai kayarwa ita ce wadda ta narke da rana ta sake daskarewa da dare, ki gan ta a bakin titi tana sheƙi ki ɗauka ruwa ne. Ki sa ɗanki ya saya miki takalmi mai rufe idon sawu, wanda ruwa ba ya shiga, mai kaushin ƙasa, ya ɗan fi ƙafarki girma saboda safa mai kauri. Akwai kuma wata roba mai ƙananan ƙusoshi da ake saƙala wa ƙasan takalmi, ba ta da tsada, da ita da sandar dogarawa guda biyu irin na masu yawon dutse gwiwarki za ta huta. In za ki shiga kanti ki cire robar, a kan tayil santsi take yi. Tafiya kuma gajeren taku, hannu a waje, ba cikin aljihu ba.

Tufafi hawa uku ake yi: mai kama jiki daga ciki, mai ulu a tsakiya, sai babbar riga mai tare iska da ruwa. Na ciki kada ya zama auduga, tana shan gumi ta riƙe, sai ki ji sanyi na fitowa daga jikinki. Babbar rigar kina iya samun mai kyau a wajen ƴan bosho nan Katako ko Wadata, amma takalmi da na ciki a saye su can, kantin kayan wasanni na Decathlon ma ya isa. Hijabi ba ya hana komai, ki sa hular ulu daga ƙasa, sai dai kada abaya ta riƙa jan ƙasa, bakinta zai jiƙe ya daskare. Ki tafi da man kaɗanya, iskar can tana fasa leɓe da dunduniya fiye da hunturun Tawa. Da baƙin tabarau, wannan ba gayu ba ne, farar dusa tana mayar da hasken rana cikin ido har ya yi ciwo.

To, sai hawa dutse, wanda a zaune ko a tsaye za a kai ki. A gishe, wurin sayar da tikiti, ki ce tikitin mai tafiya da ƙafa kike so, ba na ƴan siki ba.

Babba cikin abubuwan hawan shi ne na dutsen Aiguille du Midi. Telefarik ne, wato babban akwati mai tagogi da ke rataye jikin igiyar ƙarfe, yana ɗaukar ki daga gari, mita 1,035, ya kai ki kusa da ƙololuwa cikin kamar minti 20, da canjin akwati sau ɗaya a tsakiya. Daga nan lif ne a cikin dutsen zai ƙarasa da ke mita 3,842. Tun 1955 yake aiki. Dutsen Bagzan da ya fi kowane tsawo a Nijar mita 2,022 ne, kin ga an kusa ninka shi. Duk lokacin da akwatin ya wuce ta kan dirka sai ya ɗan yi lilo, ki ji hanjinki ya taso, mutane su yi ihu su yi dariya. Haka yake yi kullum, ba lalacewa ba ce. A can sama za ki ga garin ya koma ɗan mitsitsi, ga masu hawan dutse ɗaure da igiya suna sauka ta kan wani siririn doron dusa, rami dama rami hagu. Akwai ɗakin gilashi da aka buɗe a 2013, a ba ki silifa ki ɗora kan takalminki, ki tsaya babu komai ƙarƙashin ƙafarki sai sarari. Na ga dattijon da ya yi ta cika baki a layi, da aka zo kansa ya ce shi hoton kawai zai ɗauka wa jama'a.

Amma a nan zan ja miki kunne. Iskar wannan tsawon ba ta cika ƙirji, matakala biyar sai ki ji kamar kin yi gudu, wasu kansu na sarawa, wasu jiri. In kina da hawan jini ko ciwon zuciya ko asma, ki tambayi likitanki tun a Yamai. Kada ki hau a rana ta farko, ki yi tafiya a hankali, in kika ji ba daidai ba ki sauko, saukowar ita ce maganin. Ba a hawa da yaron da bai kai shekara 3 ba. Sanyin can kuma daban ne, duk mita 1,000 da aka hau zafi na raguwa da wajen digiri 6, ban da iska. Ki ajiye wayarki a aljihun ciki, sanyi na shanye batir nan da nan.

Kuɗinsa ya haura yuro 70, wato sama da jika 45 ke nan a kuɗinmu, shi ya sa nake cewa sama ce ke zaɓar ranar, ba ke ba. Da safe ɗanki ya duba kyamarorin da ke nuna ƙololuwar kai tsaye a intanet. In gajimare ya rufe, kada ki biya, farin bango kawai za ki gani. In iska ta yi ƙarfi su da kansu suke tsayar da shi. Ranar da gari ya waye tas, a ajiye duk wani shiri a tafi.

Wanda na fi so miki kuwa shi ne jan jirgin ƙasa na Montenvers. Tasharsa na bayan babbar tashar gari, yana hawa a hankali ta cikin dajin itatuwa masu ɗauke da dusa, da haƙoran ƙarfe a tsakiyar layin yake kama tudu, tun 1909 yake kaiwa can. Minti 20 kin isa mita 1,913, babu ciwon kai, babu lilo. Ki zauna a ɓangaren hagu wajen hawa, nan kwarin yake. A sama za ki tarar da Mer de Glace, kogin ƙanƙara mafi girma a Faransa. Ana fafe kogo a cikinsa kowace shekara, saboda ƙanƙarar tana tafiya, ciki shuɗi ne garau. Da can sai an sauka matakala sama da 500, kuma a jikin dutsen an kafa alluna masu nuna inda ƙanƙarar take a shekarun baya, kina sauka kina wuce 1990, kina wuce 2000, ita kuwa tana can ƙasa ba ki kai ta ba. Mu da muka ga yadda hamada ke cin gonaki a Adar, ba sai an yi mana dogon bayani ba. A 2024 an buɗe sabon telefarik da ya rage wahalar, amma har yanzu da sauran matakala. Da gwiwarki, ki tsaya a farfajiyar sama, ki samu kujera a gidan abincin da ke wurin, ki sha shayi kina kallo. Ba ki yi asarar komai ba.

Idan kina son ki ga Mont Blanc fuska da fuska, ki hau ɗaya ɓangaren kwarin, Planpraz da Brévent, mita 2,525. Rana na bugun wajen, kuma ƴan siki na bi ta nan, don haka ya yi daɗin haɗuwa da jikoki a ci abincin rana tare.

Sauran ranakun ba sai an kashe kuɗi da yawa ba. Akwai shimfiɗaɗɗiyar hanya a bakin kogin Arve daga gari zuwa ƙauyen Les Praz, ki tafi da ƙafa ki dawo a bas ko jirgi. Sai dai kada ki taka layukan da aka zana wa masu sikin fili, suna jin haushi ƙwarai. Ranar Asabar da safe kasuwa na ci a tsakiyar gari, cuku da zuma da kayan ulu. Ki tambayi masaukinku katin baƙi, yana sauƙaƙa kuɗin bas da jirgi a cikin kwarin. Yawon daji da faffaɗan takalmin da ke hana nutsewa cikin dusa yana da daɗi, amma sai da ɗan jagora, ki kuma faɗa masa zancen gwiwa tun farko ya zaɓi hanya mai sauƙi. Duk inda kika ga an ja igiya ko an kafa alama, ki tsaya nan, dusa na zabtarowa daga tudu ta binne mutum. Keken da karnuka ke ja sai an kama wuri tun da wuri, ga tsada, ga shi ba ya daɗewa, yara ya fi burgewa. A ganina keken doki na garin Megève ya fi dacewa da ke, a lulluɓe ki da bargo a zaga da ke.

Ranar da sama ta ɓaci, akwai gidan adana duwatsu masu ƙyalli da aka tono a tsaunukan nan, ko ki shiga jirgin da ke ratsa kwarin har Martigny a Suwis, kallon taga kaɗai ya biya. Ta ramin da ya huda ƙarƙashin Mont Blanc, kilomita 11.6, kina Italiya cikin ɗan lokaci, kuma sau da yawa ki bar hazo a nan ki tarar da rana a can. Bizar Shengen ta isar miki duka ƙasashen uku, amma fasfo ya kasance a jakarki.

Za a yi miki tallar wankan ruwan ɗumi na Saint-Gervais, ruwan da ke fitowa da zafinsa daga ƙasa. Yana yi wa gaɓoɓi daɗi, gaskiya ne, sai dai tafkunan a haɗe suke maza da mata, da kayan iyo. Wasu ƴan'uwanmu sun shiga, wasu sun juya daga bakin ƙofa. In kina so, a buga waya tukuna a ji dokar tufafinsu, ko a nema miki tausa a ɗaki ke kaɗai, a ce mace ake so.

Abinci kuwa sai kin buɗe baki kin tambaya. Mutanen yankin cuku da dankalin turawa da naman alade suka iya. Tartiflette akwai alade a ciki. Fondue, narkakken cukun da ake tsoma burodi, da giya ake dama shi. Raclette cuku ne da dankali, amma farantin naman da ke biyo shi na alade ne, ki ce a cire, wasu wuraren suna musanya da kifi ko ganye. Abin da za ki ga ana sha yana tururi a bakin titi, mai ƙamshin kirfa, giya ce aka ɗumama, ke ki nemi shokola mai zafi. Kifi da miyar ganye da wainar ƙwai ba sa wuya. In gida kuka kama mai kicin, ku yo cefanen nama daga Liyon, a can mahautan halal ba su da iyaka, ki kuma jefa yaji da garin kuka a jaka.

Agogonki ba za ki taɓa shi ba, a lokacin sanyi lokacin Faransa ɗaya yake da na Nijar. Ranar ce gajera: a Janairu wajen ƙarfe 5 da ƴan mintoci magariba ta yi, kuma duwatsu na ɓoye rana tun kafin nan, la'asar na bin azahar a guje. Ki yi alwala kafin ki fita, ki sa ƴar darduma a jaka. Alƙibla a can kudu maso gabas take, ba kamar yadda muka saba ba, ki duba a waya. Telefarik ma da wuri suke tashi daga aiki, ki tambayi lokacin saukowa na ƙarshe tun kina hawa.

Janairun da ya zaɓa ya yi daidai, in dai bayan hutun sabuwar shekara ne, don a Fabrairu ƴan lekol na hutu, layi ya yi tsawo, kuɗin masauki ya tashi. Abu ɗaya ki matsa masa a kai: masaukin ya zama cikin gari, kusa da tasha, ba wani gidan katako a saman tudu ba inda sai da mota ake fita, tunda motar na hannunsa shi kuma yana kan dutse. Ki rubuta adireshin a takarda ki sa a aljihu, da lambarsa, da 112 ta neman agaji, ki kuma tabbata inshorar da kika yi wa biza tana cikin jakarki. Allah ya kai ku lafiya, a gaida yaran.