Me ya sa hasashen yanayi na waya yake yaudarata a hanyar Gembu?

Tambaya: Malam, ni direba ne, ina jigilar kaya daga Serti zuwa Gembu. Sau da dama manhajar wayata takan nuna rana tarwai, amma ina kaiwa tsakiyar hawa sai in faɗa cikin hazo da yayyafi har ba na ganin gaban mota. A daminar bana saura ƙiris wani rafi ya tafi da ni. Hasashen ne ƙarya, ko ni ne ban iya karanta taswirar ba?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya ƙara kiyayewa. Hasashen ba ƙarya ba ne, sai dai dutsen da ke cikin kwamfuta ba shi ne wanda kake hawa ba. Yawancin manhajojin waya suna ɗebo bayanansu ne daga manyan tsare-tsaren lissafi na duniya, irin GFS na Amurka da ke raba doron ƙasa zuwa murabba'ai masu faɗin kusan kilomita 13, ko na cibiyar Turai ta ECMWF mai kusan kilomita 9. Kowane murabba'i tsayi ɗaya tak ake ba shi, wato matsakaicin tudu da kwarin da ke cikinsa, kamar an sare kan dutse an cike kwari da shi. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta Kano wannan bai dami kowa ba, amma tsaunin Mambila na jihar Taraba, wanda Gembu ke kansa, matsakaicin tsayinsa ya kai kimanin mita 1,600, kuma zafi yana raguwa da kusan digiri 6.5 a kowace mita 1,000 da aka hau. Hazon da ke rufe maka hanya kuwa gajimare ne zalla: iska mai danshi ce ta taso daga kudu maso yamma, gangaren ya tilasta mata hawa, ta yi sanyi ta dunƙule a daidai inda motarka take.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda mutane suka ɗauka cewa tunda sunan ƙauyensu ya bayyana a fuskar waya, to akwai na'urar awo a can. Babu ita. Sunan kawai aka liƙa a kan lissafin murabba'in. Daga wannan ruɗin ne ake samun mai cewa tunda waya ba ta nuna ruwa ba, kuma bai ga ɗigo ko ɗaya a gilashinsa ba, rafi zai ƙetaru. Alhali ruwan da ke cika rafin a can saman dutse ya sauka, nesa da idonka, kuma hadarin da ya zubar da shi yana iya zama ƙarami ƙwarai har lissafin ya kasa kama shi. Masu yaɗa hoton taswira a WhatsApp suna cewa "hanya lafiya lau" suna wasa ne da rayukan jama'a, domin yawancinsu ba su san ko taswirar ta wace sa'a ba ce.

Ka riƙa duba sanarwar NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, domin sanin yanayin yankin gaba ɗaya, sannan kafin ka fara hawa ka tambayi direban da ya sauko yanzu. Idan ka iso rafi ka tarar ruwansa ya koma ja, yana ɗauke da ganyaye da kiraruwa, ko ka ji ƙugi daga sama, ka ja da baya zuwa tudu ka kashe mota har sai ya janye.