Yara uku, hannu biyu: yadda uwa za ta tsara yininta

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni matar aure ce a Birnin Kebbi, ina zaune a gida da yara uku: namiji ɗan shekara 4, mace 'yar shekara 2 da rabi, sai jaririya mai wata 7. Maigida yana kasuwanci a Jega, da ya yi asuba yake fita, sai bayan isha'i yake dawowa. Ba ni da mai taya ni. Daga asuba har dare ba na zama, amma kullum aiki na kwana. Ta tsakiyar ta daina cin abinci, sai kuka da maƙale mini. Jaririyar kuma tun da na fara ba ta koko take yawan zawo, uwar mijina ta ce haƙori ne. Babban sai na miƙa masa waya yake barina in yi girki. Wani lokaci ina yi musu tsawa har da duka, daga baya in zauna ina kuka. Ta ina zan fara?

Amsa

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya raya miki su. Ba lalaci ke damun ki ba. Girki da wanka da shayarwa da rigima ne suka haɗu a lokaci guda, kuma a gidaje irin naki lokacin bai wuce biyu ba: da hantsi, da kuma tsakanin la'asar da magariba. Idan kika rage wa waɗannan lokuta kaya, sauran yinin zai yi sauƙi. Amma bari mu fara da jaririyar, don nata ne ba ya jira.

Haƙori yana sa kumburin dasashi, da dalalar miyau, da rigima. Ba ya sa zawo. Abin da ya sa ake haɗa su shi ne lokacinsu ɗaya ne: a wata 6 zuwa 7 yaro yake fara cin abin da ba nono ba, yana kuma kai duk abin da ya tsinta bakinsa. Ki duba abu uku. Kokon da aka dama da safe aka zuba a filas, ana ba ta kaɗan-kaɗan har la'asar, da ya huce ya koma ɗumi-ɗumi ya zama gidan ƙwayoyin cuta, musamman a zafin Maris zuwa Mayu da ake wuce digiri 40. Abincin jariri kada ya wuce awa 2 a ajiye. In ya wuce, a sake tafasa shi ko babba ya shanye. Na biyu fida: bakinta ba ya wankuwa yadda ya kamata, kofi da cokali sun fi. Na uku hannu, naki da nata, da sabulu, bayan kin yi wa wani tsarki ko kin zubar da fo, da kuma kafin ki taɓa abinci. Ruwan da za ta sha a tafasa shi.

Shi kansa kokon, in tsararo ne, ruwa kike cika mata ciki da shi. Cikin 'yar wata 7 bai fi kofin shayi guda ba. Ki yi garin kunu na musamman: gwangwani 6 na gero ko dawa, 3 na waken suya, 1 na gyaɗa. A tsince, a zubar da duk gyaɗar da ta yi fumfuna ko ta yi baƙi, a soya kowanne daban sama-sama, a murje waken a fece ɓawonsa, sannan a haɗa a kai inji. Ki yi na mako biyu, ki rufe a roba mai murfi. Da wannan gari kunu ba ya ɗaukar minti goma, don haka ba ki da dalilin dama na yini guda. Kaurinsa ya zama in kin karkata cokali ba ya zuba da sauri. Ki sa ƙaramin cokali na man gyaɗa ko manja, wata rana gwaiduwar ƙwai dafaffe, wata rana garin busasshen kifi da aka cire wa ƙaya aka tankaɗe. Kifin Yawuri da na Argungu ba ya wuya a kasuwanninku, kuma ya fi yawancin abin gwangwani amfani. A wata 6 zuwa 8 sau biyu zuwa uku a rana ya isa, ana farawa da cokali biyu ko uku har a kai rabin kofi. Daga wata 9 sau uku zuwa huɗu. Nono kuma yana nan a matsayinsa har shekara biyu. Ban da zuma kafin ta cika shekara, ban da ɗura: yaron da aka toshe wa hanci aka zuba wa kunu yana iya shaƙarsa zuwa huhu.

In zawon ya zo, ruwan gishiri da sukari na ƙulli, wanda ake kira ORS, da ƙwayar zinc su ne magani. Ki haɗa da yawan ruwan da aka rubuta a jikin ƙullin, don ba duka ne girmansu ɗaya ba, kuma abin da ya kwana ya wuce awa 24 a zubar. Wanda bai kai shekara 2 ba ana ba shi rubu'i zuwa rabin kofi bayan kowane zawo, da cokali, a hankali. Zinc miligiram 20 ne kullum ga wanda ya wuce wata 6, har kwana 10 zuwa 14, ko da zawon ya tsaya a kwana na uku. Nan ne yawancin iyaye ke yankewa. Idan kuwa kika ga jini a kashi, ko ido ya faɗa, maɗiga ta lotsa, ta kasa kama nono, tana amayar da komai, ko jikinta ya saki, ko tana jijjiga, kada ki jira maigida ya dawo daga Jega. Asibitin da ya fi kusa, ko Asibitin Sir Yahaya. Ku yi wannan magana da shi tun yanzu, ya ba ki izinin fita na irin wannan rana, ya kuma bar kuɗin keke Napep a wani wuri da ba a taɓawa.

Yanzu sai yinin. Ba ki buƙatar agogo, lokutan salla sun isa su zama turaku. Abin da ake so shi ne abinci da barci su riƙa zuwa a jere ɗaya kullum, domin yaro ƙarami ba ya sanin ƙarfe nawa, amma ya san abin da ke bin wani.

Daga asuba zuwa tashin yara shi ne lokacin wuta. Ki ɗora abin da ya fi cin lokaci a nan, wake ko miya, yayin da babu mai rarrafe kusa da murhu. Miyar rana da ta dare ta zama ɗaya. Da yamma tuwo kawai za ki tuƙa ko ki dafa shinkafa, ki tafasa miyar sosai. Markaɗen kayan miya a yi na kwana biyu ko uku, a tafasa har ruwan ya ƙone, a soya da mai. Haka yana jurewa ko babu wutar firji, muddin ana sake tafasa shi safe da yamma. Wanki kuma ki raba: kayan kashi da fitsari kullum, sauran sau biyu a mako. Sharar tsakar gida sau ɗaya ta isa. Gidan da ke da yara uku ƙanana ba zai yi kama da ɗakin amarya ba, kuma duk wadda ta shigo ta yi miki gori a kan haka, ki miƙa mata tsintsiya.

Bayan azahar kowa ya kwanta, har ke. Wannan shi ne gyaran da ya fi kowanne tasiri, kuma shi ne aka fi yi wa ha'inci, don uwa na ganin yara sun yi barci sai ta tashi wanke-wanke. 'Yar shekara 2 tana buƙatar barcin awa 11 zuwa 14 a yini da dare, ɗan shekara 4 awa 10 zuwa 13, jaririya 12 zuwa 16. Yaran da ke jiran babansu har ƙarfe 10 na dare su tashi 6 na safe suna bin bashin barci, kuma bashin nan da kukan yamma ake biyansa. Ki rufe ɗaki, ki sa labule, ki kwanta a tsakiyarsu. Babban zai yi gardama na kwana huɗu ko biyar. A ce masa ba dole ya yi barci ba, amma ba a sauka daga katifa. Wankan yamma a yi shi da la'asar, abincin dare kafin magariba ko da an idar, da isha'i suna cikin gidan sauro. Maigida ya samu rabonsa da su da safe ko ranar da ba ya fita.

Ta tsakiyar kishi take, an karɓe mata baya da cinya. Ga kuma cewa a wannan shekaru girma yana raguwa sauri, ci ma yana raguwa. Abin da ke ƙara lalata cin shi ne biskit da alewa da lemon kwalba da shayi tsakanin abinci, da kuma bin ta da kwano ana lallashi. Ki tsayar mata da ci uku da ɗan abin taɓawa biyu, kamar ƙosai, awara, dankalin Hausa, gwanda ko mangwaro. Kwanonta daban, don in suna ci tare da yayanta ba za ki san abin da ya shiga cikinta ba. A zuba kaɗan, ta zauna kamar minti ashirin, a ɗauke ba tare da faɗa ba. Sannan ki ware mata minti goma a rana, lokacin barcin jaririyar na hantsi, ita kaɗai a cinyarki, kina tsefe mata kai ko kina mata tatsuniya. Ki ba ta muƙami kuma: ita ce mai miƙo zanen goyo. In kina shakkar ramarta, ki kai ta a auna damtsenta da tef ɗin nan mai launi. Ƙasa da santimita 11.5, wato ja, ko kumburin ƙafa biyu, tamowa ce mai tsanani, ba ƙin abinci ba.

Wayar babban ba sai an yanke ta rana guda ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗan shekara 2 zuwa 4 kada kallonsa ya wuce awa guda a yini, jariri kuma ba ya kallo sam. Ki ajiye wannan awa don lokacin da kike bakin wuta da yamma, kuma ba a kallo bayan magariba don yana kore barci. Sauran lokaci ɗan shekara 4 aiki yake so: tsinke zogale, jera takalma, kwashe shanya, wanke cokula a ƙaramin baho kina ganinsa. Abin da ba a ba shi shi ne tsaron jaririya. Bai kai ba.

Haɗurran gida da yawa a lokacin girki suke faruwa. Tukunyar da aka sauke a ƙasa, da kurfoti mai garwashi, da ruwan zafin wanka, su ne ke ƙona yara. A zuba ruwan sanyi a bokiti tukuna kafin na zafi. In ƙuna ta faru, ruwa mai sanyi a kai har minti 20, ba man goge baki ba, ba ƙwai ba, ba manja ba. Kananzir da fiya-fiya kada su zauna a robar lemo ko a ƙasa; in yaro ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara, a kai shi asibiti da robar. Bokiti ko baho mai ruwa kaɗan ya isa ya halaka mai koyon tafiya, don nauyin kansa yana rinjayarsa. A kife su, a rufe rijiya da murfi mai kwaɗo. Gyaɗa da aya da gurjiya ba na 'yan ƙasa da shekara 5 ba ne sai an daka.

A binciken zazzaɓin cizon sauro na ƙasa na 2021, Kebbi ce ta fi kowace jiha yawan yara masu ɗauke da cutar, kashi 49 cikin ɗari. Shi ya sa aka fara rigakafinsa a Kebbi da Bayelsa a Disamba 2024, ana yi wa yaro a wata 5, 6, 7 da 15 da haihuwa. Ki ɗauki katin jaririyar ki je a duba, ga kuma allurar ƙyanda da shawara da sanƙarau na jiran ta a wata 9. Da damina masu bi gida-gida suna raba maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro ga 'yan wata 3 zuwa 59. Na kwana uku ne a kowane wata, suna ba da na farko, na rana ta biyu da ta uku a hannunki suke.

Batun tsawa da duka: yawanci gajiya ce da yunwa, don uwa irinki takan kai azahar ba ta karya ba, ga shayarwa. Ki ci tare da su, ki ajiye ruwa inda kike zama ba da nono. In kin ji ranki ya kai wuya, ki kwantar da jaririyar a wuri mai aminci, ki fita tsakar gida minti biyar, ki yi alwala. Kukan minti biyar ba ya cutar da ita, girgiza ta kuwa yana iya zubar da jini a ƙwaƙwalwarta. Amma idan kukan naki ya zama na kullum har mako biyu, ba kya jin daɗin komai, barci ya ƙi ko da sun yi, ko tunanin cutar da kanki ko su yana zuwa miki, wannan ciwo ne da ke bin haihuwa kuma yana da magani. Ki faɗa wa ma'aikaciyar lafiya kai tsaye.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ki nemi abu takamaimai wajen maigida, ba "ka taimake ni" ba: cefanen mako a dunƙule, mai kawo ruwa, kai niƙa, ko wata 'yar'uwa da za ta riƙa zuwa daga la'asar zuwa magariba. Uwar mijinki kuma ki tafi da ita ranar awo ta ji bayanin haƙori daga bakin malamar asibiti, ya fi ki yi musu da ita. Ki tambayi malamar batun tazarar haihuwa a wannan zuwan, domin kariyar da shayarwa ke bayarwa ta ƙare tun da jaririyar ta cika wata 6 ta fara cin abinci, kuma shawarar likitoci ita ce a samu aƙalla wata 24 daga haihuwa kafin wani ciki ya shiga.