Amsa ga maijegon da ba ta cin abin da ya fito daga dabba

(Muryar da wata yayarmu ta turo a guruf, an rubuto ta saboda waɗanda ba su samu damar saurare ba.)

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Ƙanwata mai sabon jariri, barka da sauka lafiya, Allah ya raya mana, ya ba ki lafiyar shayarwa. Na ji muryarki. Kin ce kin daɗe da barin nama da kifi da ƙwai da madara, abin da ƙasa ta fitar kawai kike ci, yanzu kuma kin haihu an taso ki a gaba wai nononki ba zai ƙosar da yaro ba. Ga yunwa tana damunki, ga babu lokacin girki. Kina tambaya ko za ki iya ci gaba a haka.

To ƙanwata, za ki iya. Amma ki ba ni kunnenki sosai, don akwai sharaɗi, kuma sharaɗin ba na wasa ba ne. Su kansu masana ba su ce a tafi kai tsaye ba. A 2016 ƙungiyar masana abinci ta Amurka ta ce irin wannan cin ya dace da mai ciki da mai shayarwa matuƙar an tsara shi da kyau. A shekarar nan dai takwararta ta Jamus ta ce ita kam ba ta ba mai ciki da mai shayarwa shawarar yin sa ba. Kin san babban abin da ya sa Jamusawan suka ja baya? Bitamin B12. Shi ya sa da shi zan fara, kuma ko da a nan za ki kashe muryar nan, ki tafi da wannan.

B12 ba ya cikin wake, ba ya cikin ganye, ba ya cikin gyaɗa. Ƙwayoyin bakteriya ne ke yin sa, mutane kuma galibi ta jikin dabba suke samu. Wanda ya bar abincin dabba dole ya sha ƙwayarsa, ko ya ci abincin da aka ƙara wa shi a masana'anta. Idan wani ya ce miki sifirulina, wato koren garin gansakukar nan da ake sayarwa, ko ciyawar teku ta wadatar, kada ki yarda. Yawancin abin da ke cikin sifirulina kama kawai yake yi da B12, jiki ba ya aiki da shi.

Abin da ke yaudarar mata shi ne ke uwa za ki ji garau. Hantarki kamar rumbu take, tana iya riƙe B12 na shekaru. Amma nono ya fi ɗiba daga abin da kika sha kwanan nan, ba daga tsohuwar ajiya ba. Sai ki ga uwa lafiya lau, jariri kuwa yana ƙarewa a hankali. Kuma in ba ki sha ba lokacin da kike da ciki, to da ma ya zo duniya da ɗan kaɗan ne a jikinsa. Wannan bitamin shi ke taimaka wa jini da jijiyoyi da ƙwaƙwalwa, a daidai lokacin da ƙwaƙwalwar yaro ke girma da sauri. Alamomin sukan fito kafin ya cika shekara: jikinsa ya saki, barci ya yi yawa, ya ƙi kama nono, nauyi ya tsaya, murmushin da ya fara ya daina, zaman da ya koya ya manta. Kika ga ko ɗaya daga cikin waɗannan, asibiti ranar, ba gobe ba. In an kama da wuri ana gyarawa, in an makara wata illar ba ta komawa.

Mai shayarwa tana buƙatar maikurogiram 2.8 a rana a lissafin Amurka (maikurogiram dubu ne ke yin miligiram ɗaya), hukumar kula da abinci ta Turai kuma ta ce 5. Za ki ga ƙwayar da ake sayarwa ta ninka haka nesa ba kusa ba, kada ki tsorata. Hanji kaɗan yake iya ɗauka a lokaci guda, saura ya wuce. Ƙungiyar masu cin tsirrai zalla ta Ingila, wadda aka kafa tun 1944, shawararta ita ce aƙalla maikurogiram 10 kullum, ko 2000 sau ɗaya a mako. Ni dai ga mai shayarwa na fi son ta kullum, domin ta mako tana da saurin mantuwa ga wadda ba ta samun barci. Ki ajiye kwalbar kusa da buroshin haƙorinki. Sannan in kin je awon bayan haihuwa, ki buɗe baki ki gaya wa likita ko nas irin abincin da kike ci, ki nemi a gwada miki B12. Kada kunya ko tsoron faɗa ya sa ki ɓoye. Gwajin yawan jini kaɗai bai isa ba, saboda folik asid da kika sha da ciki, da wanda ke cikin wake da ganye, yana iya rufe ƙarancin jinin alhali matsalar tana nan. In an ga ya yi ƙasa, a duba jaririn shi ma.

Yawwa, sai yunwar da kika ce. Wannan yunwar gaskiya ce, ba kwaɗayi ba, kuma ba alamar cewa abincinki ba shi da kyau ba ce. A watanni 6 na farko jikinki yana haɗa nono kusan mililita 750 kullum, aikin da ke cin kalori kusan 500. Abincin tsirrai kuma yana da wani hali: yana cika ciki da wuri, amma ƙarfin da ke cikinsa bai kai girmansa ba. Sai mace ta ci kwano guda na ganye da kayan lambu ta ce ta ƙoshi, bayan awa ɗaya jiri ya kama ta. Don haka yanzu ba lokacin rage mai ba ne, ba lokacin neman komawa tsohon jiki ba ne. Ki zuba mai a girkinki, ki ci gyaɗa, ki ci riɗi, ki ci fiya, ki ci dabino. Ki ƙara shinkafar, ki ƙara dankalin. Kada ki tsaya a ci uku, duk lokacin da yaro ya kama nono ke ma ki sa wani abu a baki.

Furotin da ake ta tsorata ki da shi, shi ne ma mai sauƙi. Ƙarin giram 20 zuwa 25 ake nema a rana. Kofi ɗaya na dafaffen wake yana da kusan giram 15, na adas, wato ƙananan waken nan masu faɗi, kusan 18, ga awara, ga madarar waken soya, ga gyaɗa. In wake ko ɗan'uwansa ya shiga cikinki sau biyu ko uku a wuni tare da hatsi, kin gama da wannan. Za kuma a ce miki wake yana sa wa jariri kumburin ciki. Iskar wake a hanjinki take samuwa, nono kuwa daga jini ake haɗa shi, iskar ba ta tsallakawa. Ke ce dai za ta iya damu, maganinta kuma ki jiƙa waken ya kwana, ki zubar da ruwan, ki dafa shi ya yi laushi tuɓus.

Bari in zo kan girkin, don na san a nan ne ake kayar da maijego. Ba rashin sani ba ne, hannu ne babu. Yaro na kuka, ke ba ki yi barci ba, sai ki ƙare da shayi da busasshen biredi tun safe har la'asar, kuma wallahi wannan ya fi ba ni tsoro a kan rashin nama. Ki daina tunanin girki sau uku. Ranar da kika samu mai riƙe miki yaro, ki dafa wake babbar tukunya, ki yi miyar tumatir da albasa mai yawa, ki rarraba a ƙananan robobi. Na kwana 3 zuwa 4 a firji, saura a firiza. Kullum sai dai ki ɗauko roba ɗaya, yau a kan shinkafa, gobe da dankali, jibi da taliya, ki watsa ganye a ciki daf da saukewa. In ba ki da abin sanyayawa, ki riƙe jan adas: ba ya son jiƙo, minti 15 zuwa 20 ya nuna. Tukunyar furesha ma tana rage miki tsayuwa sosai. Jan wake babba kuwa, mai kama da ƙoda, dole ya tafasa da ƙarfi aƙalla minti 10, in bai dahu ba yana sa amai da gudawa.

Sannan ki tanadi abin da ake ci da hannu ɗaya, ki ajiye shi inda kike zama shayarwa, ba a kicin ba. Biredi da markaɗaɗɗiyar gyaɗa da ayaba, soyayyiyar awara da aka yanka ƙanana, dabino, gyaɗa a kwalba, da gorar ruwa. Ots kuma, wato hatsin nan na Turawa da ake damawa kamar kunu, ki jiƙa shi da madarar soya tun dare, da asuba sai cokali kawai. Ruwa ki sha duk lokacin da ƙishi ya zo, ba sai kin cusa wa kanki ba, yawan ruwa fiye da ƙima ba ya ƙara nono. Abin da ke ƙara nono shi ne yaro ya riƙa tsotsa akai-akai yana kama shi daidai.

Kuma don Allah duk wadda ta ce “me zan taimaka miki da shi?”, kada ki ce babu komai. Ki ce ta tsince miki wake, ta yanka albasa, ta ɗora tukunya. Masu yi miki faɗan nan ma, ƙauna ce ta sa, tsoro suke ji wa jaririn. Kada ki yi musu da su. Ki nuna musu kwalbar bitamin ɗinki, ki nuna musu katin awon nauyin yaro, ki ba su aikin da za su yi. Katin nan shi ne shaidarki: in nauyi na hawa, yaro na jiƙa kunzugu sau 6 ko fiye a rana, nono yana isa.

Saura ƙananan abubuwa, zan bi su da sauri amma kada ki raina su. Ayodin: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai shayarwa na buƙatar maikurogiram 250 a rana, kuma tunda kin bar kifi da madara da ƙwai, kin bar manyan hanyoyinsa. Gishirinki ya zama mai ayodin, ki rufe shi ruf a inda babu laima. Gishiri kaɗai ba lallai ya kai ki ba, kuma ba na so ki cika shi, don haka ki duba ko ƙwayar masu shayarwa da kike sha tana da ayodin. Ciyawar teku irin mai ruwan ƙasa kuwa ayodin ɗinta ya wuce kima, ki bar ta.

Jini: kin zubar da jini wajen haihuwa, kuma sinadarin ƙarfe na tsirrai ya fi wuyar shiga jiki. Ki haɗa wakenki da abu mai bitamin C, ki matsa lemon tsami, ko ɗanyen tumatir, ko tattasai, ko ki sha lemon zaƙi a kai. Shayi da kofi suna hana shi shiga, ki ba su tazarar awa ɗaya da abinci. In an rubuta miki ƙwayar ƙarin jini, ki shanye ta.

Kalsiyam miligiram 1000 ne a rana. Madarar soya ta kwali da aka ƙara wa kalsiyam tana da kusan 120 a kowace mililita 100, amma ki girgiza kwalin, don yana kwanciya a ƙasa. Wadda kika tace da kanki a gida tana da furotin, kalsiyam ɗin ne babu sosai. Haka awara, sai wadda aka daskarar da gishirin kalsiyam ce ke da shi da yawa, ba wadda aka yi da tsami ba. Alayyafo irin na Turawa yana da shi amma jiki kaɗan yake samu, kabeji mai duhun ganye da burokoli sun fi. Sai mai irin na kifi da ake kira DHA, na ido da ƙwaƙwalwar yaro. Kifin ma daga gansakukar teku yake samo shi, kuma akwai man gansakukar a ƙwaya, kusan miligiram 200 a rana ake so. Bitamin D kuma ki tambayi likita, naki da na ɗigawa jariri a baki.

Abu na ƙarshe, kuma a nan muryata za ta ɗan yi tsauri. Abincinki zaɓinki ne, amma jariri nono zalla har wata 6, sannan a ci gaba tare da abinci har shekara 2 ko fiye. Idan wani dalili ya sa nono bai samu ba, kada ki kuskura ki ba shi madarar soya ko ta ots ko ta shinkafa irin wadda kike sha, ko wata da aka haɗa a gida. Ba abincin jarirai ba ne, yara sun shiga mummunan hali a kan haka. Madarar gwangwani ta jarirai ita ce madadin. Akwai ta soya da aka yi musamman don jarirai, amma sai likita ya amince, kuma ba a ba bakwaini. In likita ya ce ta shanu za a ba shi, ki ba shi, babu laifin da kika yi. In ya kai wata 6 ki dawo mu yi maganar abincinsa, don wannan zama ne daban.

Yanzu dai ki ɗauki hoton bayan kwalbar da kike sha ki turo min ta gefe, mu duba tare ko akwai B12 da ayodin a ciki, da nawa ne. In babu wadda kike sha, yau ɗin nan ki aika a sayo miki B12 kafin ranar ganin likita. A shafa min kan yaro. Wassalamu alaikum.