Yaushe dusar ƙanƙara ta farko take sauka a Kolorado?

Ƙanena, na ga saƙonka cewa ka samu gurbin karatu a jami'ar da ke Bolda, a jihar Kolorado ta Amurka, kuma kana so ka san ranar da dusar ƙanƙara ta farko za ta sauka domin ka tsara sayen kayan sanyi. Babu masanin yanayin da zai iya ba ka wannan rana tun daga watan Agusta, kuma duk wanda ya ba ka ita, to, ƙiyasi kawai ya yi.

Abin da ake da shi tabbatacce shi ne tarihi. A Denba, babban birnin jihar da ba shi da nisa da Bolda, wanda ke kan tudu mai tsawon mita 1,609, matsakaicin lokacin saukar dusar farko shi ne wajen 18 ga Oktoba, amma a 1961 ta sauka tun ranar 3 ga Satumba, a 2021 kuwa sai da aka kai 10 ga Disamba. A 2020 zafi ya kai digiri 38 a ma'aunin Salshiyos ranar 5 ga Satumba, bayan kwana uku kuma dusar ƙanƙara ta sauka a birnin.

Tsaunukan Roki, da ke yamma da Bolda da Denba, su ne suke wahalar da hasashen. Idan iska ta taso daga yamma, tana zubar da danshinta a kan tsaunukan, sannan ta gangaro mana a bushe da ɗumi, har ta narkar da dusar da ke ƙasa. Idan kuwa ta juyo daga gabas, sai ta hau gangaren tsaunukan, ta yi sanyi, ta zubar da dusa mai yawa a Bolda da Denba. Saboda haka ɗan sauyi kaɗan a alkiblar iska, ko bambancin digiri ɗaya zuwa biyu, shi ne yake raba ruwan sama da dusar ƙanƙara, kuma unguwar da ke gindin tsauni tana iya cika da dusa alhali filin jirgin sama bai samu komai ba. Hasashen dogon zango da NOAA, hukumar Amurka mai kula da teku da yanayi, take fitarwa a watan Oktoba yiwuwa kawai yake nunawa, ba ya faɗin rana. Ni hasashen kwana biyu zuwa uku na ofishin hukumar yanayi ta ƙasa da ke nan Bolda nake dogara da shi, kuma ka lura cewa da ma'aunin Farenhait suke aiki, inda ruwa yake daskarewa a 32.

Dusar farko kamar ruwan farko take a gida, wanda ba ya nufin damina ta zauna. Sau da yawa tana narkewa cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma watan Maris ne ya fi kowane wata dusa a Denba.

Kada ka sayi rigar sanyi a gida, domin wadda ake sayarwa don hunturu ba za ta wadatar a nan ba. Ka saya da zarar ka iso, tare da takalmi mai riƙe ƙasa da safar hannu, kafin Satumba ta shiga. Idan abokai suka gayyace ka hawa tsauni ta babbar hanyar I-70, ka tabbatar tayoyin motar sun cika sharaɗin dokar tuƙi a lokacin dusa da ke aiki daga 1 ga Satumba zuwa 31 ga Mayu, domin can sama dusa tana riga birni sauka da makonni.