Tambaya da Amsa: An ce in guje shi, ga karatu kuma yana zubewa

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne daga Katsina, ina shekarar farko a Kulliyyar Shari'a ta Jami'ar Musulunci ta Madina. A ajinmu akwai wani Bahaushe haifaffen Makka wanda babu mai kamo ƙafarsa a nahawu, kuma ya nemi mu riƙa yin muraja'a, wato bitar karatu, tare. Sai dai 'yan'uwana da suka riga ni zuwa sun ce in guje shi, wai mai girman kai ne, kuma yana jin kunyar asalinsa, domin ko da Hausa aka gaishe shi da Larabci yake amsawa. Ni kuwa ina bukatar taimako, saboda nakan raba dare ina karatu, amma da an shiga jarrabawa sai in tarar kusan komai ya zube. Me za ka ba ni shawara?

Ɗalibi daga Madina

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah Ya yi wa karatu albarka. Na karanta wasiƙarka ina neman laifin da wannan bawan Allah ya yi maka, ban samu ko ɗaya ba. Abin da na samu shi ne hukunci guda biyu, girman kai da jin kunyar asali, waɗanda aka ɗora a kan hujja ɗaya, wato amsa gaisuwa da Larabci. Hujjar kuwa ba za ta iya ɗaukar wannan nauyi ba.

Hausawan Makka da Jidda ba jiya suka zo ba. Kakannin da yawa daga cikinsu a ƙafa suka taso, suka ratsa Chadi da Sudan suna noma ko ƙodago a hanya don neman guzuri, tafiyar da takan ci shekaru kafin su haye teku daga Sawakin zuwa Jidda, kuma ƙaura ta ƙaru bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya. Shi ya sa har yau za ka ji sunayen dangi irin su Hausawi da Fallata da Barnawi. Jikan irin wannan gida da Larabci ya yi makaranta, da shi ya yi wasan ƙwallo a unguwa, Hausa kuwa wataƙila daga bakin kakarsa kawai yake jin ta. Yana iya fahimtar duk abin da kuka ce, amma ya ji nauyin mayar da amsa don gudun ku yi masa dariyar karin harshe, kuma mu mutanen gida, in za a faɗi gaskiya, ba mu da haƙuri da wanda ya karya Hausa. Ban ce lalle haka abokinka yake ba. Na ce ne ga wata fassara da ta fi tasu sauƙi, kuma mai jin kunyar asalinsa da wuya ya zo da ƙafarsa ya nemi zama da Bakatsine.

Tun da Shari'a kake karantawa, ka auna maganar da ma'aunin malaman hadisi. Idan an san mutum da kirki, ba su karɓar suka a kansa sai mai sukan ya fayyace dalilinsa, domin sau da yawa idan aka tambaya sai a ga abin bai kai a zubar da mutum saboda shi ba. Sun kuma yi taka-tsantsan da sukan tsara a kan tsara, kamar yadda Imamu Zahabi ya sha jan hankali, musamman inda ake zargin hassada ko saɓanin mazhaba. Wanda ya fi kowa nahawu a aji ba ya rasa masu jin haushinsa, ko da su kansu ba su ankara ba. Saboda haka ka tambayi 'yan'uwan naka cikin ladabi wane ne ya ga girman kan da idonsa, kuma me ya faru.

Ka tuna kuma da Haɗibu bin Abi Balta'a, wanda ya aika wa Ƙuraishawa wasiƙa game da shirin Manzon Allah (SAW) gab da buɗe Makka a shekara ta 8 bayan Hijira. Nan laifin tabbatacce ne, ga wasiƙar a hannu, har Sayyidina Umar ya nemi izinin sare masa wuya. Duk da haka sai da aka kira shi aka ji ta bakinsa, ya bayyana cewa iyalinsa ne a Makka ba su da dangin da za su kare su, Annabi ya gaskata shi, ya kuma ambaci halartarsa yaƙin Badar. Abokinka bai aika wa kowa wasiƙa ba, amma har yanzu babu wanda ya tambaye shi komai. Kyautata zato ba ya nufin ka damƙa masa sirrinka ko kuɗinka tun ranar farko, zama da mu'amala ne za su nuna maka iyakar amanarsa, kuma muraja'ar da ya nema ita ce hanya mafi sauƙi ta fara wannan zama.

Game da karatunka, ina kyautata zaton maimaita karantawa kake yi kana kallon shafi, har idonka ya saba da shi ka ɗauka ka iya. Wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya wallafa gwajin da ya yi a kan ƙwaƙwalwarsa a 1885, inda ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko bayan koyo, sannan ta riƙa lafawa, kuma bitar da aka rarraba a kwanaki ta fi wadda aka tara a zama ɗaya. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2006 ya kwatanta ɗaliban da suka sake karanta rubutu da waɗanda suka rufe shi suka rubuto abin da suka tuna. Bayan minti 5 masu sake karantawa ne a gaba, amma bayan mako guda waɗanda suka jarraba kansu sun wuce su. Kai da ka fito daga ƙasar tsangaya bai kamata wannan ya zama baƙo gare ka ba, domin almajiri ba ya wanke allo sai ya kawar da kai ya biya wa malam da ka, kuma tilawar asuba tana nan tana jiran abin da aka wanke tun bara.

To, ka rage raba dare, domin barci yana cikin abin da ke zaunar da karatu, kuma wanda ya shiga lacca da gyangyaɗi ya yi asarar darasin tun kafin a fara. Duk darasin da aka yi, ka rufe littafin a ranar ka faɗi mas'alolinsa da dalilansu da bakinka, ka sake washegari, ka sake bayan mako, kada ka buɗe sai inda ka cije. Za ka ji wannan ya fi wahala kuma ya fi jinkiri, wahalar ce alamar ana aiki. Idan kun zauna da abokin naka a Masallacin Annabi tsakanin Magariba da Isha, kada ka bari ya yi ta bayani kana gyaɗa kai, domin mai bayanin ne zai ƙaru. Ka ce ya ba ka jumla ka yi mata i'irabi, wato ka fayyace matsayin kowace kalma a nahawu, ya bar ka ka yi kuskure kafin ya gyara, sannan kai ma ka yi masa tambayoyi a fiƙihu littafi a rufe. Ku fara da babin da ka fi tsoro a jarrabawar da ke tafe.