Adaftar ROM ta tsohuwar kwamfutar Tandy: in zuba jarina ko in haƙura?

Wani matashi mai gyaran waya a Farm Centre da ke Kano ya rubuto mini cewa ya tara N800,000, ya kuma koyi zana allon lantarki. Ya ga Turawa na sayen wata 'yar adafta da ake sakawa a tsohuwar kwamfutar hannu ta TRS-80 Model 100, mai ɗauke da ROM (ma'ajiyar manhaja da ba ta gogewa in an kashe na'ura) da yawa a guntu (chip) ɗaya, ana zaɓa da makunni. Yana so ya ƙera guda 200 ya riƙa sayarwa waje da dala. Ya ce: "Yallaɓai, in shiga?"

Ƙanena, ka shiga, amma da ƙafa ɗaya. Guda 200 ɗin nan ka cire su daga ranka tukuna.

Bari mu fara da wanda zai saya. Kamfanin Kyocera na Japan ne ya ƙera Model 100, Radio Shack ta kamfanin Tandy ta fara sayar da ita a Amurka a 1983. Layi 8 ne a fuskarta, kowanne harafi 40, tana aiki da batir AA guda 4, kuma 'yan jarida sun so ta ƙwarai saboda suna aika labari da ita ta layin tarho. Tana da 'yan uwa: Tandy 102, Tandy 200, NEC PC-8201 da Olivetti M10. Duk an daina ƙera su tun da daɗewa. Ma'ana, masu sayen kayanka ba sa ƙaruwa, kuma wanda ya sayi adafta ɗaya ya gama, ba kamar mai waya ba da zai fasa gilashi wata mai zuwa ya dawo. Akasarinsu dattawa ne masu sha'awa a Amurka da Turai. Suna da kuɗi, amma ba su da yawa, kuma sun san juna. Kaya ɗaya ya lalata wa mutum na'urarsa, kowa ya ji.

Aikin kansa ba shi da wuya a takarda, shi ya sa ya burge ka. Gurbin ƙarin ROM na na'urar yana ganin 32KB ne kawai a lokaci guda. Sai ka sa guntu mafi girma, ka kama ƙafafun adireshi na sama, masu zaɓar ɓangaren guntun da za a karanta, ka haɗa su da makunni da rezista. Ƙafa ɗaya ta ba ka ROM 2 a guntu mai 64KB irin W27C512, ƙafa biyu su ba ka 4 a mai 128KB. Wannan yaro mai kai zai zana shi a yini ɗaya. Inda gizo ke saƙar shi ne gurbin: a Model 100 jerin ƙafafunsa 28 ba irin na guntun ROM na kasuwa (EPROM) ba ne, dole allonka ya karkatar da wayoyin. Soket ɗin kuma na kamfanin Molex ne da ke riƙe guntu ta gefe, cikin wani ɗan lungu a ƙasan na'urar mai murfi. Allo ya yi faɗi ko kauri kaɗan, sai ya buɗe haƙoran soket ɗin da ya haura shekara 40, ko murfin ya ƙi rufuwa. Ba ka da Model 100 a hannunka, ka faɗa da kanka. To ta yaya za ka gwada? Sayen ta da kawo ta Kano shi ne kuɗin farko da za ka kashe, kuma ba na tsallakewa ba ne. Kada kuma ka ɗauka abin da ya shiga Tandy zai shiga NEC. Kowacce ka auna ta daban.

Akwai wani tarkon. Wasu ROM ɗin suna dasa 'yan alamominsu a cikin RAM, inda na'urar ke ajiye fayiloli. Mutum ya murɗa makunni ba tare da ya cire na farkon ba, na'ura ta daskare, ya sake tayar da ita daga tushe, fayilolinsa su tafi. Laifinsa ne, amma kai zai zaga. Takardar bayani mai kyau tana cikin kayan, ka lissafa ta a farashi.

Sai abokan gasa. Shekaru ke nan akwai REX, wata adafta da ake zaɓar ROM da ita daga fuskar kwamfutar ba tare da buɗe murfi ba, kuma masu harkar sun san ta. Akwai kuma zane-zanen adafta da masu sha'awa suka saki kyauta, kowa ya aika masana'anta a buga masa. Don haka ba za ka ci su da fasaha ba. Abin da ya rage maka shi ne arha, da kaya haɗaɗɗe gwadadde ga wanda ba ya son taɓa dalma.

Abin da ke cikin guntun kuwa, manhajoji irin su TS-DOS da Ultimate ROM II na Traveling Software, ko Multiplan na Microsoft, kayan wasu ne. Don kamfani ya mutu ko abu na yawo a intanet, ba ya nufin an halatta maka sayar da shi. Ka sayar da adafta wayam, mai saye ya zuba abinsa, ko ka sa wanda mai shi ya ba da izini ƙarara.

Yanzu lissafi. Allon shi ne mafi arha a ciki: masana'antun Shenzhen irin JLCPCB suna buga ko da guda 5. Abin da zai cinye ribar shi ne jigila. Kaya ya zo daga Sin zuwa Kano, ka biya. Ya tashi daga Kano zuwa Amurka ɗaya-ɗaya, kuɗin aikawa na iya wuce kuɗin adaftar, alhali wani yana aika tasa daga cikin Amurka. Ga kason dandalin sayarwa irin eBay ko Tindie, ga wanda zai ce bai iso ba a maido masa kuɗi. Kafin ka sayi ko rezista ɗaya, ka tabbatar dandalin zai karɓe ka a matsayin mai sayarwa daga Nijeriya, kuma ka gwada ganin dala ta shigo asusunka da idonka. Na sha ganin wanda ya haɗa kaya tsaf, sannan ya gano ba shi da hanyar karɓar kuɗin.

In ni ne, kwata na jarin zan ware, in ɗauka kuɗin makaranta ne. In sayi na'urar, da abin rubuta guntu irin TL866, in buga allo 10. In aika wa mutum biyu ko uku a cikin masu sha'awar kyauta su gwada su faɗi gaskiya. In sun yaba, sai in buɗe rajista: wanda ke so ya sa suna, in ƙera daidai adadin. In ka samu wani amintacce a can da zai karɓi kwali ɗaya ya rarraba, ka rage rabin ciwon kai. Sauran N600,000 ɗin su zauna a shagon gyaranka, inda kuɗi ke juyawa kullum. Ka rubuto mini bayan ka sayar da goman farko, mu duba littafinka tare.