Tambaya da Amsa: Yadda Ake Raba Guraben Gasar Duniya ta Tirayatlon

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina bibiyar wasan tirayatlon ta intanet, kuma na ga an ba wanda ya zo na huɗu a rukunin 'yan shekara 40 zuwa 44 gurbin zuwa gasar duniya, alhali dattijon da ya zo na biyu a rukuninsa bai samu ba. Shin wannan ba son kai ba ne? Daga wani mai karatu, Jekadafari, Gombe.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Tirayatlon wasa ne da ya haɗa ninkaya da tseren keke da gudu a jere ba tare da hutu ba, kuma gasar da kake magana a kanta ita ce ta Ironman, wadda aka fara a Hawai ta Amurka a 1978, aka mayar da ita garin Kona da ke can Hawai a 1981. Ana yin ninkayar kilomita 3.8, a tuƙa keke kilomita 180, wato tafiyar da ta zarce daga Gombe zuwa Bauchi, sannan a yi gudun kilomita 42.2.

Waɗanda ba ƙwararru ba ana kasa su rukuni-rukuni, maza daban mata daban, daga 'yan shekara 18 zuwa 24, sai 25 zuwa 29, haka nan shekaru biyar-biyar, kuma ana duba shekarun da mutum zai cika ne a ranar 31 ga Disamba ta shekarar tseren. Abin da ka gani ya samo asali ne daga tsarin da aka daɗe ana bi kafin a sauya shi a 2025, inda kowane rukunin da ya samu ko da mutum ɗaya a wurin tashi yake da gurbi guda, sauran guraben kuma a raba su gwargwadon yawan waɗanda suka shiga. Mu ƙaddara an ware wa wani tseren neman shiga gasar duniya gurabe 40, mutum 1,500 suka shiga cikin rukunai 24. Idan kowane rukuni ya ɗauki ɗaya, saura 16 ke nan, to rukunin da yake da mutum 300 zai ƙara samun kamar uku ya zama yana da huɗu, shi kuwa rukunin dattawa mai mutum 15 sai ya tsaya a kan gudan nan. Idan ka lura, gurbi ɗaya tsakanin mutum 15 ya fi gurabe huɗu tsakanin mutum 300 sauƙin samu, don haka ban ga son kai a nan ba. Inda tsarin ya gaza shi ne, yana auna yawan kai ne, ba ƙwazo ba, domin idan zakaƙurai biyu suka haɗu a ƙaramin rukuni dole ɗaya ya rasa, komai bajintarsa. Mata sun fi kowa jin wannan, saboda sun fi ƙaranci a yawancin tserukan.

Akwai kuma wani dalili. Bayan tsere ana yin zaman rabon gurabe, wanda aka kira sunansa dole ya kasance a wurin ya biya kuɗin shiga nan take, in ba haka ba gurbin ya gangara ga mai bi masa.

A 2025 masu shirya gasar Ironman sun sauya tsarin domin gasar 2026. Yanzu wanda ya zo na ɗaya a rukuninsa yana da gurbi kai tsaye, sauran kuma ana bayar da su ne bayan an daidaita lokacin kowa da wani ma'auni da aka ciro daga matsakaicin lokacin kashi 20 cikin ɗari na waɗanda suka fi sauri a rukuninsa a Kona cikin shekaru biyar. Ta haka dattijon naka zai iya shan gaban matashin da ya riga shi isowa, matuƙar ya fi shi kusantar gwanayen sa'o'insa. A ganina wannan ya fi adalci, ko da yake mutum ba ya iya sanin matsayinsa sai an gama lissafi.

Gasar duniya ta World Triathlon, wato hukumar wasan ta duniya, kuwa hanyarta daban ce, domin hukumar wasan ta kowace ƙasa ce take tura sunayen 'yan wasanta.